Baƙin Kati da Idon Baba

A unguwar Manfuha ta birnin Riyad na fara sauka, a hawa na biyu na wani tsohon gida da warin albasa ke tarbar mutum tun daga matakala. Mu shida ne a ɗakuna biyu, dukkanmu Hausawa, kuma ni kaɗai ke fita aiki da farar riga a jaka. Sauran direbobi ne da masu aikin gini. Ni gwajin jini nake yi a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke unguwar Naseem, shi ya sa Ɗanlami, direban da muke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya raɗa mini suna Mai Jini. Sunan ya bi ni har masallaci. Albashina zai iya kama mini ɗaki ni kaɗai a unguwar da ta fi wannan tsabta, amma ba jin daɗi ya kawo ni Riyad ba. Rabin abin da nake samu Malumfashi yake tafiya tun kafin ya kwana a hannuna.

Shekarar farko ba ni da abin faɗa a kanta. Mota ta kwashe mu da safe, ta dawo da mu da yamma. Na ɗebi jinin Larabawa da Indiyawa da mutanen Filifin, duk launinsa ɗaya. Na saba da burodin tanda da wake, na saba da mutum ya yi mini magana yana kallon wani wuri. Ranar Juma'a bayan an sauko, in kira gida.

Babana tela ne, kuma ba na keke kaɗai ba. Aikin hannu ya fi yi, wuyan babbar riga da zare da allura, a rumfa ɗaya a bakin kasuwa tun kafin a haife ni. Bai taɓa zuwa Makka ba. Alhazan da yake yi wa ɗinki sukan kawo masa tsarabar hoton Ka'aba, sai ya kai shi kusa da fuska ya ƙura wa ɗamarar zinaren nan da ta kewaye rigar ɗakin ido. Yakan ce bayan ibada, abu ɗaya yake so, ya tsaya ya ga yadda masu aikin suka kwantar da zaren. Da na samu aiki a Saudiyya bai ce in gina masa gida ba, bai ce in saya masa mota ba. Wannan kaɗai ya ambata, shi ma sau ɗaya.

Sai dai idonsa ya riga ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, irin wanda gani ke tsukewa daga gefe a hankali. Likitan da ya duba shi a Kano ya ce magani zai rage gudun ciwon, amma abin da ya tafi ya tafi. Ni ma'aikacin asibiti ne, na san ma'anar wannan magana. Don haka na fara ware kuɗin tikiti da biza duk wata, kuma da haka na ci gaba, da shekara guda ta ishe ni.

A Naseem katin ya same ni. Wani saurayi Balarabe daga banki ya zo asibitinmu, ya kafa teburi a ɗakin da muke shan shayi, turarensa ya danne warin maganin wanke ƙasa. Ya ciro wani baƙin kati ya ajiye a gabana. Ya ce ba na kowa ba ne. Duk abin da na saya da shi banki zai biya, ni in mayar a ƙarshen wata, kuma kowane riyal yana jawo maki, makin nan in ya taru ya zama tikitin jirgi. Ya ce akwai ɗakin hutun manya a filin jirgi, akwai diyya in jaka ta ɓata, shekarar farko babu kuɗin kati, kuma malaman bankin sun duba sun ce ya dace da Shari'a. Tambaya ɗaya na yi masa, ko makin zai iya ɗauko mutum daga Kano ya mayar da shi. Ya yi dariya ya ce daga ko'ina a duniya, ya kuma kira ni dakta. Albashina bai kai abin da ake bukata ba, sai ya haɗa da kuɗin gida da na mota har ya kai.

Kafin in sa hannu na nemi Dakta Bashir, likitan yara, mutumin Zariya, shi kaɗai ne Bahaushe a cikin likitocin asibitin. Irin katin ne a aljihunsa. Ya ce shi kam katin ya biya shi. Yana zuwa taron likitoci ƙasashen waje, yana kai iyalinsa gida sau biyu a shekara, kuɗin makarantar yara da na masauki da cefanen gida duk da katin yake biya, kuma bara da maki matarsa ta je gida ta dawo. Sai ya tambaye ni me nake saya a wata. Na lissafa masa shinkafa, kaza, sabulu da katin waya. Ya juya cokali a kofi, sannan ya ce katin yana son mai kashe kuɗi, amma tunda shekarar farko kyauta ce, ba laifi in gwada. Bai cuce ni ba. Gaskiyar aljihunsa ya faɗa mini.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na ba Baba labari, don dai in faranta masa rai. Na ce akwai yiwuwar banki ne ma zai ba da tikitinsa kyauta. Ya tambaya ko da riba a ciki, na ce babu muddin na biya a kan lokaci. Na ji ya gyara zama.

"To, kuɗin da kake tarawa, ka turo a rufa wa ɗakin uwarku kwano kafin damina. Ni zan jira na bankin."

Na ce, "Baba, idonku fa. Gara ku zo bana."

"Idona ne ko naka? Ina gani sarai."

Baba mutum ne da ke tsince guntayen zare a ƙasan rumfa ya ƙulla su ya yi aiki da su. Mutumin da ya yi rayuwa haka ba zai ji kalmar kyauta ya bar ɗansa ya saya ba. A gidanmu kuma in Baba ya yanke magana, ba a sake ɗaga ta. Kuɗin suka tafi, aka rufa kwano, Inna ta sa mini albarka har muryarta ta dushe.

Da wata ya ƙare na duba makin, na ɗauka kuskure aka yi. Ashe mai shagon da ke ƙasan gidanmu, ɗan Yaman, tsabar kuɗi kawai yake karɓa. Kuɗin haya ma a hannu muke ba wakilin mai gida. Babban abin da nake kashewa, wato abin da nake aikawa gida, shi kuma ba ya jawo maki ko ɗaya. A irin wannan tafiya, kafin tikiti ya fito ni ma na fara furfura.

Ɗanlami ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Mai Jini ya ɗauki katin masu kuɗi da cefanen gwauro. Shi ba ya da kati, ko asusun banki bai yarda da shi ba. In lokacin hutunsa ya yi, ya ciro kuɗi daga cikin matashin kai, ya je kasuwar Batha ya sayi tikiti, ya tafi ya dawo. Amma bayan ya gama dariyar, shi ya kawo dabara. Ya ce duk wanda zai sayi wani abu a gidan, ya ba ni kuɗin a hannu, ni in goga kati. Ya bi direbobin da ya sani ya faɗa musu, su ma suka faɗa wa nasu.

Haka ranakun hutuna suka koma bin mutane kasuwa. Wannan zai sayi waya, wancan zai tafi gida yana bukatar akwati da barguna da turare, wani tikitinsa ne zan biya. In tsaya a bayansu kamar dogari, su gama ciniki, in miƙa kati. Da yawa sukan wuce shago mai sauƙi su shiga babban kanti mai na'ura, su biya ƙari, babu wanda ya taɓa yi mini ƙorafi. Sun san tikitin wani dattijo ake haɗawa. Wani tsoho mai aikin gini, mutumin Sakkwato, ya taɓa tako ƙafa daga can ƙarshen unguwa don sayen takalmi ɗaya. Ya ce shi ma yana so a rubuta masa wani abu a Umarar nan, ko da na takalmi ne.

Da shekara ta zagayo, makin ya kai. Kuɗin kati na shekara ta biyu ma ya zo, na biya, don in na rufe katin makin ya tafi. Baba ya ce da azumi yake so ya zo, kamar yadda kowane dattijo zai ce. Na kira banki. Wata murya mai ladabi ta sanar da ni cewa kujerun maki kaɗan ne a kowane jirgi, kuma da azumi da lokacin Hajji babu su sam. Ta ƙara da cewa makin kuɗin kujera kawai yake biya, harajin filin jirgi daga aljihuna ne. Na nemi saurayin mai turare, lambarsa a kashe. Aka ce ya bar bankin tuntuni.

Na lallashi Baba ya yarda ya zo bayan alhazai sun watse. Kafin lokacin ya yi, farashin mai ya faɗi, ƙasar ta ɗauki wani irin shiru. Gine-gine suka tsaya, biyu daga cikin 'yan gidanmu suka koma gida da akwatunan da na goga musu kati. Asibitinmu ya fara riƙe albashi, wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Ban iya cike abin da ke kan katin ba, banki ya kulle makin har sai na biya, ya kuma ɗora wani ƙari. Sunan Larabci mai daɗi suka ba ƙarin, ba su kira shi riba ba. Takardar bizar ziyara kuma sai wakilin kafil, wato mai asibitin da zamana ke hannunsa, ya buga mata hatimi. Duk ranar da na je ofishinsa sai ya ce gobe in sha Allahu, ba tare da ya ɗago kai ba.

A cikin wannan hali Dakta Bashir ya gayyace ni gidansa a unguwar Shifa. Matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, 'ya'yansa suka gaishe ni da Larabci, uban ya harare su suka sake da Hausa. Na ci tuwon, na san mai daɗi ne, amma bakina bai gaya mini komai ba. Da muka gama ya ce in bar wahalar makin nan, zai sayi tikitin da kuɗinsa, in biya duk ranar da na samu. Daga falonsa na kira gida. Baba ya yi masa godiya mai tsawo, ya yi wa iyalinsa addu'a, sannan ya ce ba zai je ɗakin Allah da kuɗin rance ba alhali ga nasa na kyauta yana jira.

Kafin a kashe wayar, ƙanwata Rabi ta karɓa, na ji ta fita tsakar gida ta rage murya. Ta ce tun bara ita ke zura masa zare a allura. Yanzu ma ya daina ɗinkin, yana cewa wai hannunsa ne ke rawa. In baƙo ya yi sallama sai ya jira ya ƙara magana kafin ya kira sunansa.

"Yaya, in da abin da za ka yi, ka yi shi yanzu."

Na ce mata to. Dakta ya mayar da ni Manfuha a motarsa, muna tafe yana magana a kan cunkoson hanya. Washegari na tafi aiki na ɗebi jini. Na jira in ji baƙin ciki ko fushi, babu wanda ya zo. Zuciyata ta zama kamar dasashin da aka yi wa allurar kashe zafi, ana taɓawa ina sane, amma ba na ji.

Albashi ya fito daga baya, a gutsure. Na biya banki, suka buɗe makin, wakilin kafil ya tuna inda ya ajiye hatiminsa. Lokacin sanyi ne Baba ya taso, tare da wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa da ya yarda ya kula da shi a hanya.

A filin jirgin Riyad wani ma'aikaci ne ya turo shi a keken marasa lafiya. Yana sanye da babbar rigar da ya yi wa kansa aiki tun ina yaro. Na tsaya a gabansa, idonsa a buɗe, yana kallon wani wuri a bayan kafaɗata. Sai da na yi sallama ya juyo. Ya laluba ya kama wuyan hannuna, ya matsa, ya ce na rame. Na tambaye shi hanya, ya ce lafiya lau, har abinci suka ba shi sau biyu ba su karɓi ko sisi ba. A mota ya ce mini, kamar mai ba da labarin wani, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa.

'Yan gidanmu sun share ɗaki sun ba shi katifar da ta fi kyau. Bayan la'asar mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, har da tsohon nan na Sakkwato da takalminsa. Ɗanlami ya durƙusa, Baba ya shafa wuyan jallabiyarsa ya ce aikin inji ne, kuma mai injin yana sauri. Ɗakin ya ɗauki dariya. Da suka ragu ya ce in ba shi katin ya taɓa. Ya juya shi a hannu, ya bi lambobin da ɗan yatsa.

"Shi ke nan duka?"

Na ce shi ke nan.

Ya miƙo mini ya ce in adana shi da kyau, abu ne mai albarka.

Ragowar makin ta ishe mu jirgin Jidda. Muka ɗaura harami tun daga gida, muka isa filin jirgi da wuri. A nan na tuna da ɗakin hutun manya, wanda nake biyan kuɗinsa duk shekara ban taɓa leƙa shi ba. Na miƙa katin, mai tsaron ƙofa ya yi murmushi ya buɗe mana. Komai yana nan yadda saurayin ya faɗa, kujeru masu laushi, dabino, gahawa, babu hayaniya. Na zaunar da Baba, na kawo masa shayi. Ya tambaya nawa ne, na ce kyauta. Ya sha, ya ce a ƙaro.

"Ka gani ko? Da ka biye wa gaggawa, da duk wannan kuɗi ka kashe."

Na ce haka ne, Baba.

Ina zaune ina kallon masu shigowa da ƙananan jakunkuna, mutanen da ko kallon dabinon ba sa yi. Su aka yi wa katin. Dakta Bashir yana kashe abin da dama zai kashe, tikiti ya faɗo masa a kai. Ɗanlami bai ma damu da katin ba, kuma bai rasa komai ba. Ni kuwa na sa rigar da aka ɗinka da awon wani, na tara mutanen unguwa guda suna taya ni cika ta. Abin da na biya banki na shekara-shekara da na jinkiri ya kusa kuɗin tikitin, na san wannan ba sai na zauna da biro ba. Sauran abin da na biya yana zaune kusa da ni yana hura shayi.

Mun yi Umara lafiya. Na riƙe hannunsa a ɗawafi, na tura shi a keke tsakanin Safa da Marwa, aka yi mana aski. Washegari da hantsi, bayan mun tuɓe harami, mutane sun ɗan ragu, ya ce in kai shi jikin ɗakin. Na sa shi a gabana, na kare shi da kafaɗa, muka kutsa a hankali har na ɗora tafinsa a kan baƙin kyallen.

Ya yi addu'a tukuna, ya daɗe. Da ya shafa addu'ar, sai na ga yatsunsa sun fara tafiya a kan rigar, irin tafiyar da suke yi in an kawo masa yadi a rumfa. Ya bi sama, ya bi gefe, ya dawo.

"Wannan saƙa ce. Ina ɗinkin?"

"Yana sama, Baba."

"Hannu ba ya kaiwa?"

"Ba ya kaiwa. Ko mutum uku suka hau kan juna ba za su kai ba."

Ya ɗaga fuska sama, rana ta sauka a kan idonsa, bai ƙifta ba.

"To duba mini. Zaren a kwance yake, ko sun yi masa ciko ya taso? Ta ina suke juya allura a ƙarshen harafi?"

Na ɗaga kai na duba. Zinare ne yana ƙyalli, rubutu ne mai kyau, can nesa. Ni makaranta aka sa ni, ban taɓa zama a rumfa na koyi riƙon allura ba. Na ƙura ido har ya kawo ruwa, ban ga abin da yake tambaya ba, kuma ko na gani ban san sunansa ba. Askari mai tsaron wurin yana yi mana alama da hannu mu matsa, mutane na turo mu ta baya.

Na ce, "Yana da kyau ƙwarai, Baba."

"Na san yana da kyau," in ji shi.

Ya sauke hannunsa daga jikin rigar, ya laluba ya kama nawa, ya ce mu ba wasu wuri.